Rahoton Fangalin Gwaji: Shinkafar da ta Yi Saurin Fure

'Yan'uwa masu koyon noman shinkafa, ga inda aikin fangalina biyu na gwaji ya kai a wannan rani. Iri ɗaya ne a cikinsu, wato FARO 44, wanda ya yi suna a Kura da Kadawa saboda yana nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka. Na dasa fangali na farko da iri mai kimanin mako uku a reno, kamar yadda malaman gona suke ba da shawara, na biyun kuma da gangan na bar irinsa ya haura wata guda kafin dashe, domin in ga abin da zai faru.

Fangali na biyu ne ya riga ɗaukar ciki bayan dashe, ya kuma riga fitar da kai, har wasu maƙwabta suka yi mini barka. Ni dai ban yi murna ba. Daga lokacin da zangarniya ta fara haɗuwa a cikin kara zuwa fure, shinkafa tana ɗaukar kimanin kwana 30 zuwa 35, daga fure zuwa nuna kuma kimanin kwana 30, kuma waɗannan kwanaki ba su cika sauyawa ba. Abin da yake gajarcewa shi ne lokacin da shuka take yin saiwa da ganye da 'ya'ya, kuma tsohon iri ya riga ya cinye kaso mai yawa na wannan lokaci a cunkushe a wurin reno. Shi ya sa kowane gindi a wannan fangali 'ya'yansa kaɗan ne, karansa gajere, zangarniyarsa ma ba ta yi tsawo ba. Takin yuriya da ake ƙarawa lokacin haɗuwar zangarniya yana taimaka wa ƙwaya, amma ba zai maido da 'ya'yan da shuka ba ta yi ba tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne ingancin ƙwaya. Furen bai fito lokaci guda ba: uwar kara ta riga, 'ya'yan da suka biyo baya suna nan kore. Idan na jira na baya su nuna, na farko za su bushe fiye da kima, rana ta gasa su, raɓa ta jiƙa su, ƙwayar ta tsattsage a cikin ɓawonta, sai ta kakkarye a injin casa. Idan kuma na yanke da wuri, ɗanyar ƙwaya wadda cikinta fari ne kamar alli za ta yi yawa a cikin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Turarawa tana rage karyewa, amma mai saye yana gane irin wannan shinkafa da ya damƙa a hannu. Ga kuma tsuntsayen jan baki, da suke taruwa a kan duk gonar da ta riga sauran yin madara.

Kada a ɗauka duk saurin fure illa ne. Shinkafa tana buɗe furenta da hantsi zuwa tsakar rana, kuma idan zafi ya haura digiri 35 a wannan sa'a, ƙwayoyi da yawa suna zama holoƙo. A yankin Kano da Haɗeja watan Afrilu yana wuce haka sau da yawa, don haka iri mai saurin nuna da aka shuka a kan kari yana iya gama furensa kafin zafin ya tsananta. Sai dai wanda ya yi gaggawa sosai zai haɗa cikin shinkafarsa da sanyin hunturu, shi ma yana hana ƙwaya cika.

Zan yanke kowane fangali daban idan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayoyinsa suka yi ruwan ɗorawa, in shanya, in auna, sannan in kai casa daban domin a kwatanta yawan karyayyar da kowanne zai bayar.