Kwana a bakin tafkin Lagdo

Asabar, tsakiyar hunturu.

Mun bar Garwa, a arewacin Kamaru, da azahar, katkat (mota mai jan taya huɗu) biyu da babura uku. Wanda ya wuce haka bai tashi ba, gara ya bari sai gobe, domin zaɓen wurin kwana a bakin Lagdo aikin ido ne, ba a yin sa da tocila. Takardun mota da na shaida a ajiye kusa saboda shingen jandarmomi.

Tafkin ba ɗaɗaɗɗe ba ne. Madatsar da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982 ce ta tara shi, ita ke ba Garwa wuta. Abin da ya shafi mai mota shi ne ruwan yana cika da damina, yana ja da baya duk tsawon rani. Filin da ya bari sumul, mai kiran mutum ya shiga da gudu, laka ce da samanta kawai ya bushe.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi, sai aka rage iskar tayoyin katkat daga bar 2.4 zuwa 1.6, gudu kuma bai wuce kilomita 30 ba. Babur kada ya sauka ƙasa da 1.2, in ba haka ba taya ta zame a kan rim ta tsinke bakin tub. Ƙayar aduwa ba ta jin kunyar taya mai laushi, don haka faci, gam, liba da famfo suna jakar baya, ba ƙarƙashin kaya ba.

Kafin komai sai gaisuwa wajen Jauro, wato mai gari, da goro, a faɗi ko su wa ne da inda za a kwana. Daga nan muka nemi masunta. Wani dattijo na gyaran koma, aka ce, "Baba, ta ina dorina ke fitowa?" Ya tashi da kansa ya nuna: wata 'yar hanya mai layi biyu da ciyawa a tsakiya, ta fito daga ruwa ta shige daji, ga kashi an watsa a jikin ƙananan itatuwa. Dorina kiwon dare take yi, tana yin nisan kilomitoci, kuma mafi hatsari shi ne mutum ya shiga tsakaninta da ruwa. Wurin da ya fi kyau a ido, inda gaɓa ta kwanta, nan ne mashigarta. Muka hau tudu mai tsakuwa, kamar taku 200 daga ruwa, ƙarƙashin marke da tsamiya.

Ɗaya daga cikin motocin ta gangara ɗebo ruwa, tayoyin gaba suka nutse. Direban ya ɗauke ƙafa daga totur nan take, wannan ya cece shi, don taya in ta juya a banza ramin kanta take haƙawa har cikin motar ya zauna. Aka haƙa bayan tayoyi da shebur, aka ɗora jak a kan katako mai kauri, aka cusa duwatsu da rassa, sannan ɗaya motar ta ja ta baya a kan sawunta, tana tsaye a ƙasa mai ƙarfi. Igiya a ƙugiyar shasi ake ɗaura ta, a yafa mata buhu a tsakiya don in ta tsinke kada ta yi bulala, kowa kuma ya ja da baya fiye da tsawonta. Da an soka sanda a ƙasar tun farko da duk wannan bai taso ba: in ta shige da hannu ɗaya, ba wurin mota ba ne.

Ciyawa yanzu ta bushe ƙayau. Salansa mai zafi kaɗai ta isa ta tayar da gobara, saboda haka an share wurin ajiye motoci, an share taku huɗu kewaye da murhu, jarkokin fetur can gefen da iska ke fitowa. Itace kuwa ba a ɗaga shi da hannu sai an juya da sanda, don kububuwa ta yi yawa a kwarin Binuwai kuma tana son ƙarƙashin busasshen icce. Takalmi cikin tanti yake kwana.

Ruwan sha daga gari muka zo da shi, lita 5 ga kowane mutum. Na tafki ba a wanka a cikinsa saboda tsargiya, wanda aka ɗebo don alwala da wanke-wanke sai an tafasa. Karfasa muka saya hannun masunta, aka gasa da yaji. Gidan sauro dole ne ko da sanyi.

Bayan isha aka buɗe filtar iska ta baburan, hazo ya toshe ta, aka kakkaɓe. Sarƙa an wanke da kananzir an shafa mai kaɗan, don mai yawa rairayi yake kamawa ya cinye haƙoran da sarƙar ke hawa. Da safe sai an mayar da iskar tayoyi kafin a hau hanyar duwatsu.