Yadda Na Mayar wa Fijo 504 Injinta na Asali

Lokacin da na sayi motar, jikinta ne kaɗai Fijo. 504 salun ce samfurin GL, ta 1978, amma wanda ya riƙe ta kafin ni ya cire injinta ya dasa na wata motar Japan tare da giyarsa, aka yanke ƙarfe a nan, aka yi walda a can, har ta tashi. Tana tafiya kam. Sai dai da zarar ta ɗauki gudu, sai ka ji wani kaɗawa yana tasowa daga ƙarƙashin kujera har cikin haƙoranka.

Abokaina sun ce in bar ta haka, tunda injin Japan ba ya shan mai. Gaskiyarsu ce ta wannan fannin. Amma ni 504 nake so, irin wadda Faransa ta fitar a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A shekarar nan ta 1975 ne kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma bai daina 504 ba sai wajen 2006, alhali Faransa ta rufe nata tun 1983. Wannan dogon zango ne ya sa har yau kayanta ba su yanke ba a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Yawan kayan kuwa shi ne tarkon. Sunan 504 ɗaya ne, motocin da ke amsa shi suna da yawa: salun, wagon, a-kori-kura, mai fetur, mai gas. Mai shago zai ce maka "na 504 ne, Alhaji," kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba na taka ba ne.

Da inji na fara. Wanda ya dace da motata shi ne XN1, mai silinda huɗu, cc 1971, wanda ake kwantar da shi a karkace. Yana da ƙane, XM mai cc 1796, kuma daga waje da wuya ka raba su. Wani tsohon bakanike da ya tsufa a gindin Fijo, wanda aka haɗa ni da shi a Kaduna, bai tsaya sauraron mai shago ba. Ya sa aka buɗe kan injin, ya zaro ma'auninsa daga aljihu. Faɗin silindar XN1 milimita 88 ne, na XM kuwa 84. Injin farko da aka rantse mana cewa babba ne, 84 ya nuna. Muka wuce gaba.

Na ce, "Baba, ai ko wannan ɗin zai ja ta."

Ya ce, "Zai ja ta, ɗana. Amma ba shi ka zo nema ba."

Da muka samu na gaskiya, sai aka wargaza shi gaba ɗaya, kuma a nan na ga abin da kuɗi ba su saye a kasuwa. Silindar wannan inji ba a jikin bulo, wato gangar jikin injin, aka fafe ta ba. Kowace fistin tana da hannun rigarta na ƙarfe, siliɓ in ji makanikai, wanda ake zurawa a cire, ruwan lagireto kuma yana zagaya shi kai tsaye. A gindin kowane siliɓ akwai wani siririn gaskit mai kauri iri-iri, wanda da shi ake daidaita yadda bakin siliɓ zai ɗan ɗara saman bulo. In ya nutse, gaskit ɗin sama ba zai kama ba, ruwa ya haɗu da baƙin mai. In ya yi tsayi da yawa, nan ma matsala. Baba ya auna kowanne, ya cire, ya sauya, ya sake aunawa, yaran garejin har sun gaji da kallo. Ya kuma kafa mana doka: muddin kan injin na buɗe, ba mai juya kirankishaf, sandar da ke ɗaga fistin ta sauke, sai an danne siliɓ ɗin da ƙarfe, don fistin na iya ɗaga shi ya ɓata duk aikin. Saitin bawul ma da sanyin inji ya yi shi, 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi.

Kafireta ba ta ba mu wahala sosai ba. Mun samu Solex mai maƙogwaro biyu, tsohuwa, aka wanke ta aka sauya mata kayan ciki. Sababbin da ake sayarwa a kwali masu ƙyalli na ƙi su, don na ɗauki ɗaya a hannu na ji ba nauyi. Wutar inji kuma na bar ta da kwantak irin na da, duk da na san na lantarki ya fi sauƙin zama.

Kaɗawar nan da ta dame ni, a ƙarƙashin mota muka gano tushenta. Farfelar 504 ba a fili take juyawa ba. A cikin wani bututun ƙarfe take, wanda aka ɗaure da kusoshi daga bayan giya har zuwa difaranshal, wato akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, ta yadda inji da giya da bututu da difaranshal suka zama abu guda, kamar kashin bayan mutum. Wanda ya dasa injin Japan ya cire bututun, ya haɗa buɗaɗɗiyar farfela da walda, ga ta ba ta kan layi. Duk juyin da ta yi sai jikin mota ya amsa.

Neman bututun nan ya fi komai cin lokaci. Salun GL irin tawa kowace tayar bayanta zaman kanta take yi, difaranshal yana maƙale a jikin mota, wasu gajerun sanduna biyu ne ke kai ƙarfi ga tayoyin. Wagon da a-kori-kura kuwa doguwar aksul guda gare su. Su ne suka fi yawa a kasuwa domin su suka yi ta jigilar fasinja da kaya, saboda haka duk inda na tambaya, nasu ake jawo mini. A ƙarshe a bayan wani gida na samu, jikin wata GL da ta daɗe a kan duwatsu, kaji na kwana a ciki. Gangar jikinta ta ruɓe, amma bututu da farfela da giyarta BA7 mai gudu huɗu suna nan lafiya. Na saye ta dungurungum, kuma ya fi mini arha da tsintar kayan ɗaya-ɗaya.

An ba ni shawarar in sa giya mai biyar ta 505, wadda ta fito a 1979. Na ƙi. A hanyar Zariya zuwa Kano nakan ji hannuna na laluben giyar da babu, injin na kuka sama-sama, amma haka motar take a zamaninta.

Inda ban yi taurin kai ba shi ne roba. Tiyon birki, tiyon ruwa, bel, buhsin da taya duk sababbi na sa, domin robar da ta shekara arba'in a ajiye a shago ta mutu ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Lagireto kuma ba ya ganin ruwan rijiya. Kan injin na alminiyam ne, bulo na baƙin ƙarfe, ruwa tsura yana cin su a hankali, don haka ruwan sanyaya inji na gora nake zubawa.

Kaɗawar ta tafi tun ranar da aka ɗaura bututun. Mai kam tana sha fiye da da, wannan abokaina sun ci gardama. Abin da ya rage yanzu shi ne tukunyar tace iska ta asali. Wadda ke kai ta aro ce daga wagon, kuma Baba ya ce kada in bari a huda bonet don ta zauna.