Wata bakwai ina neman matasa wa kulob ɗinmu na tseren mota: ga inda aka kwana

'Yan uwa masu koyon wannan harka, na daɗe ban kawo muku labari ba. Tun farkon shekara aka ɗora min wani aiki da ban nema ba. A taronmu na farko aka dubi fuskokin da ke zaune, aka ga ni ne ƙarami, ni kuwa na haura shekara 40. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin, wanda duk muke kira Baba, ya nuna ni da makullin motarsa ya ce, "Tunda kai ne yaron, kai za ka kawo mana yara." Aka yi dariya, sakatare ya rubuta, magana ta zauna.

Ga wanda bai san irin wasanmu ba, mu ba ma gwabzawa mota da mota. Fili ne mai kwalta, a jera robobin nan masu tsini su fitar da hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, agogo na ƙirga mata. Ka kayar da roba a ƙara maka daƙiƙa 2, ƙa'idar da muka aro daga ƙungiyar masu tseren motoci ta Amurka, SCCA, wadda aka kafa tun 1944. Motar da kake zuwa aiki da ita ta isa, kuma da wuya ka wuce giya ta biyu.

Yunƙurina na farko ya sha ƙasa, kuma laifina ne. Na yi sanarwa, matasa 11 suka zo. Na zaunar da su gaban allo kusan awa biyu ina zuba dokoki, har da tarihin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, da aka kafa a Paris a 1904, sai ka ce jarrabawa za su rubuta. Motoci na can waje suna kuka, su kuma suna ta leƙe ta taga. Wata na gaba mutum ɗaya ne ya dawo, wani ɗan shekara 17. Na tambaye shi ina sauran. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, mota muka zo gani, sai muka tarar da makaranta."

Daga ranar na sauya tsari. Duk wanda ya shigo filin, kafin minti goma ya cika sai an damƙa masa wani abu a hannu: agogon ɗaukar lokaci, ko jar tuta, ko gejin auna iskar taya. Bayani ya koma na tsaye, a bakin aiki. Mai tsaron robobi ana gaya masa abu uku kawai: kada ya juya wa mota mai tafiya baya, kada ya zauna, kada ya taɓa wayarsa. Mai tuta kuwa ya san in ya ɗaga ja, kowace mota za ta tsaya, ko ta shugaban kulob ce. Ku ga yadda yaro yake miƙewa in ya gane cewa hannunsa na iya tsayar da dattawa.

Abin da ya fi kama su ban zata ba, wai alli. Baba ya nuna wa yaron nan yadda ake zana layi da farin alli a kafaɗar taya, daga inda zanen tayar ya ƙare zuwa gefenta. Mota ta je ta dawo, a duba inda allin ya goge. In gogewar ta gangara gefe sosai, tayar na kwanciya a kwana, tana son ƙarin iska. Yaron ya durƙusa, ya auna iska kafin tafiya, ya sake aunawa bayan an dawo, sai ya ɗago a firgice ya ce, "Baba, gejin nan ya lalace, iskar ta ƙaru ba wanda ya ƙara." Baba ya kama hannunsa ya ɗora a kan tayar. Zafi rau. Bai ce masa komai ba, ya bar shi ya haɗa lissafin da kansa. Yanzu yana da ɗan littafi da yake rubuta iskar kowace mota, manya ma wurinsa suke tambaya.

Haka ranar canjin man birki. Aiki ne na mutum biyu, ɗaya a kujerar direba, ɗaya a ƙarƙashin mota da sufana, ana ta "taka, riƙe, saki" har kumfa ya daina fitowa. A nan suka ji dalilin canjin: man birki yana shan danshin iska, kuma nau'in DOT 4 da ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius yana sabo, in ya sha ruwa ma'aunin kan sauko zuwa wajen 155. Ya tafasa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai. Wannan maganar da a allo na faɗe ta, da ba wanda zai tuna.

Akwai inda na haɗiye girman kaina. Da ina raina masu tseren kwamfuta, ina ce musu 'yan wasan yara. Su suka tuna min da Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya da ya lashe gasar GT Academy a 2011 daga wasan kwamfuta na Gran Turismo, kamfanin Nissan ya ba shi mota ta gaske, a 2013 kuma ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans. Muka ajiye sitiyarin kwamfuta a gefen rumfa. Abin da na lura, suna da ido: tun kafin su shiga kwana sun riga sun kalli mafita, abin da ni na shekara biyu ina fama da shi. Abin da ba su da shi tsoro ne, don a kwamfuta in ka daki bango maɓalli kake dannawa. Shi ya sa ba mai hawa kujerar direba sai ya zauna a gefen wani babba sau da yawa, da hular kwano da bel, wanda bai kai shekaru ba kuma sai da sa hannun iyayensa. Hulunan aro muka tara, don kada rashin hula ya mayar da kowa gida.

Iyaye kan tambaye ni ko ɗansu zai zama Lewis Hamilton, zakaran tseren motoci na duniya. Nakan gaya musu gaskiya: shi ya fara tseren ƙananan motocin gokat yana ɗan shekara 8, wani zakaran, Max Verstappen, ma tun yana ɗan shekara 4 yake tuƙa su, kuma mu ba wannan hanyar muke shimfiɗawa ba. Abin da zan iya alkawari, yaro zai san birki, zai san taya, zai kuma sauke zafin kansa a fili mai ƙa'ida maimakon kan titi.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Wani babba cikinmu ya kulle akwatin kayan aikinsa bayan sufanarsa mai lamba 10 ta ɓace, ya ce yaran ne. Bayan sati biyu ta fito a ƙarƙashin kujerar motarsa, amma har yau akwatin a kulle yake. 'Yan mata biyu da suka zo kuwa, ba wanda ya tambaye su aka tura su teburin rajista, ni ma sai a zuwa na uku na farga. Yanzu ɗayarsu ce ke riƙe da agogo. Mafi nauyi shi ne yaron da aka gani yana juya mota a tsakiyar titi. Dokarmu dakatarwa ce, kuma an dakatar da shi wata uku. Na goyi bayan hukuncin, amma na nemi a bar shi ya riƙa zuwa tsaron robobi, aka ƙi. Har yanzu muna ja da Baba a kan wannan.

A yau matasa 6 ne ke zuwa ba fashi. Wata mai zuwa su za su tsara hanyar da kansu, Baba ya duba ta kafin a buɗe. Ni kuma tuƙina ya ja baya, don rabona da zagaye mai kyau tun kafin wannan aiki. Mai littafin iskar taya ya ce a kwana ta uku nake zubar da lokaci, wai ina taka birki a makare sannan in murɗe sitiyari da ƙarfi. Ranar Asabar zai zauna a gefena ya nuna min.