Tun kafin mawaƙi ya buɗe baki

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga wata tsohuwar mota ta shigo layinmu za ta juya, direban na saka ribas ɗan kiɗan nan ya tashi, tiri-riri-riri-ram, irin wanda ake saka wa motoci dan yara su kauce. Yaron maƙwabcina da bai fi shekara 5 ba ya kama bin kiɗan da baki, bai kuskure ko ɗaya ba. Na ce kai ɗan nan, ka san wa ya yi wannan kiɗan? Ya ce mota ce ta yi. Na yi dariya har da ƙwalla, amma fa ban ga laifinsa ba, ni ma sai da na yi gemu kafin na san cewa mai shi wani Bajamushe ne, Beethoven, wanda ya rasu tun 1827 ba a ma ƙera mota ba.

Sunan kiɗan Für Elise, da fiyano ake yin sa, kuma mai shi bai taɓa fitar da shi ba yana raye, sai a 1867, shekara 40 bayan rasuwarsa, wani ya tsinto takardar ya buga. Yau ga shi a motar ribas, a wayar wasan yara, a tsofaffin wayoyinmu na da, a Taiwan ma motocin kwasar shara ne ke yawo da shi dan mutane su fito da bola. Abun da ya ba ni mamaki ran da na zauna na saurare shi har ƙarshe shi ne ashe yana da tsakiya, akwai wurin da yake sakin jiki ya yi fara'a, akwai wurin da yake yin duhu sai ka ce hadari ya haɗo, duk ban san su ba. Duniya ta yanki kan ta bar gangar jikin.

To mu ai muna da sunan wannan abun tun tuni, take. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya ga yadda ake yi, makaɗi bai ce uffan ba, kawai ya sauya hannu a kan kalangu, sai ka ga wani ƙato can gefe ya miƙe yana tsuma, ya ɗaga hannu yana kirari, saboda an taɓa takensa. Ba wanda ya kira sunansa da baki, ganga ce ta kira. Mahauta da nasu, manoma da nasu, sarauta kuwa ba a magana, kakaki na tashi ka san wa ke tafe ko kana bayan katanga. Marigayi Babanmu yana da wata rediyo mai kaset da ba mai taɓa ta sai shi, in ya saka Shata, bugu biyu uku na farkon kalangun nan sun ishe shi ya faɗi sunan waƙar, ya gyara zama, ya ce mana ku yi mana shiru. Mu a lokacin duk kalangu ɗaya ne a kunnenmu. Ɗan Maraya Jos ne kawai muke ganewa, dan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ba ya ɓuya, yana taɓa shi ka san shi ne.

Da wannan kunnen na je wa kiɗan Turawa, shi ya sa bai zo min baƙo sosai ba. Ɗauki simfoni na 5 na Beethoven ɗin dai, wato dogon kiɗan da taron makaɗa ke yi tare. Bugu huɗu ne kacal, gajeru uku sai dogo ɗaya, da-da-da-daaam, ko ba ka san sunansa ba na rantse ka taɓa ji a fim ko talla. Wannan take ne tsagwaronsa. Kuma akwai wani abu da sai daga baya na sani, a takardar kiɗan ba da sauti aka fara ba, da ɗan guntun shiru aka fara. Wato shugaban makaɗan zai saukar da sandarsa a kan babu, sannan mutum 60 ko 70 su faɗo tare a bayan wannan shirun, shi ya sa kake jin kaman an hankaɗo su ne daga baya. In mutum ɗaya ya riga sauran da ƙiftawar ido, shi kenan an zubar da miyar.

Ran da aka fara kaɗa shi kuwa, 22 ga Disamba 1808 a birnin Vienna, ba wani daɗi aka ji ba. Sanyi ake zabgawa a zauren, an yi wajen awa 4 ana abu ɗaya dan ya haɗa sababbin ayyuka da yawa a dare guda har da simfoni na 6, makaɗan ba su samu isasshen gwaji ba, a kiɗan ƙarshe ma sai da suka rikice aka tsaya aka sake daga farko. Shi kansa a lokacin kunnensa ya riga ya fara tafiya. Ana yawan cewa wai ya ce bugun nan ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, amma wanda ya kawo labarin sakatarensa ne Schindler, mutumin da aka kama da ƙare-ƙare a rubuce-rubucensa, dan haka ni na ajiye wannan a gefe. Wanda ya tabbata ya ma fi daɗi. A yaƙin duniya na biyu, a 1941, BBC ta ɗauki wannan bugun tana buɗe shirye-shiryenta na Turai da shi a kan ganga, saboda a saƙon tangaraho na Morse gajeru uku da dogo ɗaya shi ne harafin V, alamar nasara da suke ta yaɗawa a ƙasashen da Hitler ya mamaye. Kiɗan Bajamushe aka ɗauko ana yi wa Jamus habaici da shi, ka ji fa.

Akwai wasu masu faɗowa da ƙarfi irin haka da ni dai sun fita raina, ba dan ba su da kyau ba, an dai tatse su ne. Na Richard Strauss na 1896 da begila ke hawa tsani uku sai ganguna su amsa, wanda Kubrick ya saka a fim ɗinsa na sararin samaniya a 1968, yanzu ko sabon sabulu za a tallata sai an jawo shi. Na wuce nan.

Wanda nake so in daɗe a kai shi ne wanda duk ɗan gidan kallon ƙwallo ya haddace ba tare da ya sani ba. Daren Talata ko Laraba, janareto na ruri a waje, an cika benci har ana zama a ƙasa, mai gidan kallo na bi yana karɓar kuɗi, ana ta musu ana zagin koci, sai kiɗan Champions League ya tashi. Wallahi ko wanda ƙungiyarsa ba ta buga ba sai ka ga ya natsu. Wani Baturen Ingila, Tony Britten, shi ya tsara shi a 1992, amma ba daga kansa ya ƙago ba, ya gina shi ne a kan wani tsohon kiɗa na Handel mai suna Zadok the Priest, wanda aka yi dan naɗin Sarki George na biyu a 1727, kuma tun daga ranar duk naɗin sarautar Ingila sai an yi shi, har na Charles a 2023. Wato abun da muke ji kafin a take leda kiɗan naɗin sarauta ne, shi ya sa 'yan wasan ke jeruwa suna ɗaure fuska sai ka ce hakimai.

Da na nemo na asalin sai na ga ashe na ƙwallon gaggawa ya yi. Na Handel gogen Turawa ne ke farawa a hankali, ƙasa-ƙasa, suna hawa suna sauka, suna hawa suna sauka, ba murya ko ɗaya, sama da minti ɗaya ana haka. Sai ka ce to yanzu za su shigo, sai kiɗan ya kauce ya bi wata hanya, ka sake cewa to yanzu kam, ya sake zillewa, har ka fara jin haushi, kaman kana jiran mai shayi yana ta ɗaga kofi sama yana shekawa bai miƙo maka ba. Sannan ba zato mawaƙan gaba ɗaya da begiloli da ganguna su faɗo lokaci guda. Ranar farko ina sanye da abun kunne a cikin Keke Napep, sai da na zabura har na kusa da ni ya ce Malam lafiya? Na ce lafiya lau, naɗin sarauta ake yi a kunnena.

Tun daga nan na gane ni ɗan ɓangaren masu sa ka jira ne. Larabawa sun ƙware a wannan. Ummu Kulsum ta Masar in za ta yi wasa, labule na buɗewa za ka gan ta zaune a kujera a gaban makaɗanta, hankici a hannu, ba ta ce komai ba, su kuma suna ta shimfiɗa mintoci, sai can ta miƙe tsaye, zauren ya kaure da tafi tun ba ta furta harafi ɗaya ba. Waƙarta ta 1964, Inta Umri, wadda Muhammad Abdul Wahab ya tsara mata kiɗa karon farko da suka haɗu a aiki, shimfiɗar kaɗai ta fi yawancin waƙoƙin yanzu tsawo, har da gitar lantarki a ciki, abun da ba a saba ji a wurinta ba. Wani kawuna da ya yi karatu a Alƙahira ya ce min, ɗana, ai shimfiɗar ita ce alwalar, ba a faɗa wa waƙa haka nan da ƙurar hanya. Na so in ce masa kawu wannan misalin ya yi nauyi, sai na ga ya lumshe ido, na ja bakina.

Sai kuma 'yan ba-zata. A 1924 a New York, ana gwajin Rhapsody in Blue na Gershwin, mai busa kilarinet, wani Ross Gorman, maimakon ya hau sautukan farko ɗaya bayan ɗaya yadda aka rubuta, sai ya ja su wuuuu a numfashi guda kaman jiniya, da wasa ya yi dan a yi dariya. Gershwin ya ce a'a, haka nake so, ka ma ƙara masa kuka. Yau sama da shekara 100 kenan duk mai busawa sai ya koyi wannan tsokanar. Na Stravinsky kuma, kiɗan wani wasan rawa da aka fara yi a Paris, 29 ga Mayu 1913, ya ɗauko basun, wani dogon abun busa mai muryar ƙasa irin ta dattijo, ya tilasta masa yin siririyar murya can sama shi kaɗai, har mutane suka kasa gane wane kayan kiɗa ne. Kafin a je ko'ina zauren ya rikice da ihu da gatse tsakanin masu so da masu ƙi, galibi saboda irin rawar da aka zo da ita, har masu rawan ba sa jin kiɗan, sai da mai tsara rawar, Nijinsky, ya hau kujera a gefen dandali yana ƙirga musu da ƙarfi. Ni da na saurara ban ji abun faɗa ba, algaita ce ta faɗo min a rai, irin wadda ake jiyowa daga nesa da sassafe ran hawan sallah.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to a waƙa dai ban yarda ɗari bisa ɗari ba, na sha jin waƙar da ta buɗe kaman za ta tsaga ƙasa, kafin minti ɗaya ta zama lami. Abun da ya fi damuna ma shi ne Larabar ce ake neman sokewa gaba ɗaya. Spotify, dandalin sauraron waƙa a intanet, ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, dan haka kowa tsoro yake kar ka tsallake shi, sai a jefo maka amshi tun a daƙiƙar farko. Wani mai bincike a jami'ar jihar Ohio ya auna manyan waƙoƙin Amurka daga 1986 zuwa 2015, ya ga shimfiɗar da a da take wuce daƙiƙa 20 ta dawo wajen 5. Ko a can baya ma an yi wannan rigimar, furodusa Quincy Jones ya so ya datse doguwar shimfiɗar waƙar Billie Jean, Michael Jackson ya ƙi, ya ce ita ce ke sa shi jin rawa. Namu na yanzu kuma abun da ke fara shigo maka kunne sunan situdiyo ne da na furodusa, ana rangaɗa shi kaman tallan maganin basir a tasha. Kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ma babban yatsana ya lalace, in ina TikTok ko daƙiƙa 3 ba na ba mutum.

Daren jiyan dai bayan isha'i na tafi wajen mai shayi, na tarar da wani abokina ɗan Arsenal na a mutu, na ce zo ka ji kakan waƙarku, na miƙa masa wayar da abun kunne na kunna masa na Handel. Ya yi shiru kaman daƙiƙa 15, ya ce wai ina waƙar take ne? Na ce ka jira. Ya ƙara jim kaɗan, ya ce kai mutumina data fa ake ci, sai ya sa yatsa ya ja ta gaba, ya dira daidai inda mawaƙan suka riga suka shigo suna tsakiyar ihu. Ya saurara, ya taɓe baki, ya cire abun kunnen ya miƙo min, ya ce ba laifi, amma ta ƙwallon ta fi. Ya juya ya ce wa mai shayi a ƙara masa madara.