Gyula Kabos da albasarsa

Yau da yamma na ci karo da wani tsohon fim ɗin ƙasar Hangari a YouTube, Hyppolit a lakáj, na 1931, baƙi da fari. Gyula Kabos ne ya fito a matsayin ɗan kasuwar dakon kaya da ya yi kuɗi, matarsa ta ɗauko masa hadimi irin na gidan manya. Hadimin nan ya sa shi dole ya saka kwat kafin ya ci abincin dare, ya kuma hana shi albasa. Ku ga yadda yake in'ina, yana satar kallon hadimi kamar yaron da aka kama a madafa, alhali gidansa ne! Na yi dariya har da hawaye.

Daga baya jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya cika gidajen sinima na Budapest da dariya, dokokin da aka ƙaƙaba wa Yahudawa suka kore shi zuwa Amurka a 1939. Can ya rasu a New York a 1941, cikin ƙunci, nesa da masu jin harshensa. Sai 1996 aka mayar da gawarsa gida. Wallahi bai cancanci wannan ƙarshe ba.