Abin da ramin Batagaika ya koya mini

A kwas ɗin karanta hotunan tauraron ɗan Adam, yankin da ya faɗo hannuna shi ne Yakutiya, can arewa maso gabashin Rasha. A wajen masana, ƙasar da ta yi shekara biyu a jere ba ta narke ba ita ce daskararriyar ƙasa, ta Yakutiya kuwa ta yi dubban shekaru a haka. Samanta kaɗai ke sakewa idan zafi ya shigo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wurare da yawa fiye da rabin abin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ƙanƙara ce zalla. Sanyi ya tsaga ƙasa, ruwa ya gangara cikin tsagar ya daskare, baɗi a sake, har ƙanƙarar ta yi kauri ta nutse mitoci da dama. Daga sama sai ka ga filin a rarrabe kamar bayan kunkuru. Ƙanƙarar nan ce ke riƙe da komai. Da ta narke sai ƙasa ta lotsa, ruwa ya kwanta a wurin, shi kuma ruwan ya riƙe zafin rana ya ci gaba da narkar da gefe. Haka kududdufi ke zama tafki. Wani tafkin ma yakan ɓalle ya tsiyaye, ya bar kwari.

Hoto ɗaya ba ya nuna wannan, sai ka jera na shekaru daban-daban. A Batagaika, wani wuri a Yakutiya da ƙasa ta rufta ta zama ƙaton rami, na gane haka sosai. A shekarun 1960 aka sare dajin wurin, inuwa ta tafi, ɗan kwazazzabo ya buɗe. Yau tsawon ramin ya kai kimanin kilomita 1, zurfinsa ya haura mita 50, bakinsa kuma na cin mita 10 ko fiye a shekara. Duk bangon da ya rufta, sabuwar ƙanƙara yake tonowa rana ta same ta. A 2018 an tsinci gawar ɗan doki a ciki da fatarsa da gashinsa, bayan kimanin shekara 42,000.

Abin yana damuna ƙwarai, domin ɓarnar ba a Saberiya, yankin da Yakutiya ke ciki, take tsayawa ba. Ragowar tsirrai da dabbobin da sanyi ya adana suna ɗauke da sinadarin kabon da ya kusa ninka wanda ke sararin sama sau biyu, kuma suna narkewa suke fara ruɓewa, suna fitar da iskar da ke ƙara ɗumama duniya.

Mutanen Yakutsk, babban birnin Yakutiya, sun daɗe da sanin halin ƙasarsu. Manyan gidajensu a kan turakun kankare suke, an bar sarari a ƙasa iska mai sanyi na ratsawa, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da abin da ke ɗauke da ginin. Yanzu da ƙasar kanta ke ɗumama, gine-gine da dama a can sun fara tsagewa.