Dogara ga Ubangiji da Iyali Bayan Komawarmu Sakkwato

Lokacin da takardar canjin wurin aiki ta same ni a Zuru, aka ce in koma Sakkwato, ban ji fargaba a kan kaina ba, domin magidanci yana iya raɓawa a ɗakin aboki ya wayi gari ya tafi ofis. Uwargida da yara su ne suka hana ni barci. Garin ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 can ne babban birnin jiharmu, amma dangi ba su manta da watan Mayu na 2022 ba, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista har gwamnati ta sa dokar hana fita. Surukata ta ce in tafi ni kaɗai, in bar mata 'yarta da jikokinta.

A cikin wannan hali na sake karanta littafin Farawa sura 12 a cikin Littafi Mai Tsarki, inda Allah ya kira Ibrahim yana da shekara 75 ya bar ƙasarsa da danginsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Saratu. Nassi bai ce ita ma ta ji muryar ba, duk da haka ta ɗaure kaya ta bi mijinta. Na ga cewa wanda ya ji kira yana da abin riƙewa, amma matarsa da 'ya'yansa ba su da komai sai maganarsa, kuma ba adalci ba ne ya ɗora musu bangaskiyarsa kamar umarni. Saboda haka na kai maganar wurin addu'ar iyali da muke yi kowane dare, na roƙi kowa ya faɗi abin da yake tsoro da bakinsa kafin mu durƙusa. Uwargida ta ce, "Maigida, ba zafin garin nake tsoro ba, tsorona shi ne ranar da yaro zai kwanta ciwo ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa." Wannan muka sa a gaban Ubangiji, ban yi mata alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Mun sauka a unguwar Mabera a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. A tsakar gida muke shimfiɗa tabarmi da dare, ruwa kuwa sai mai kura ya turo jarkoki, uwargida tana lissafin kowace ɗaya kafin ta ɗora tukunya. A nan na gane cewa dogara ga Allah ba ta ɗauke wa mutum zirga-zirga. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Na bi makarantu da ƙafata, na tambayi kuɗin kowace, na kuma nemi majami'a tun kafin mu gama kwance kaya. Masu zaton babu Kirista a birnin Shehu sun yi kuskure, domin akwai ECWA, da Angilikan, da Baptis, da Katolika waɗanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011.

Amsar addu'ar uwargida ta zo ta hanya biyu. Zumuntar Mata ta majami'a ta karɓe ta, har suka nuna mata inda ake sayen hatsi da sauƙi. Ta biyun kuwa ba mu zata ba. Daren da zazzaɓi ya kama autanmu ina wurin aiki a wajen gari, maƙwabcinmu Musulmi ne ya fito da motarsa, matarsa ta goya yaron, suka kai shi asibiti. Da na je godiya, sai ya ce, "Haba Malam, ai ɗanka ɗana ne." Ba na cewa wannan ya share duk wata damuwa, har yanzu muna koya wa yara su kula da harshensu a kan addinin kowa, kuma muna sanin inda suke kafin magariba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne sakin babbar 'yarmu, wadda take so ta shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Kakarta tana so a mayar da ita gida Zuru. Mun yi addu'a, mun saurari yarinyar, kuma na sa hannu a takardunta.